Zagayowar Wata da Lafiyar Ɗan Adam: Nazarin Hanyoyi da Hujjoji

Da wuya a sami al'ummar da ba ta jingina wani abu na lafiyar jiki ko ta hankali ga wata ba. Masanan Girka da Rum na da, irin su Aristotal da Pliny, sun ɗauka cewa ƙwaƙwalwa gaɓa ce mai yawan danshi, don haka wata yana iya motsa ta kamar yadda yake motsa teku. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya danganta lokacin yin ƙaho da ƙaruwar hasken wata a littafinsa al-Ƙanun. A asibitocin Turai da Amurka har gobe akwai ma'aikatan jinya da ke sa ran dare mai wahala idan wata ya cika, mu kuma a nan mukan ji ana cewa ciwon wane yakan tashi ne idan wata ya tsaya. Tun daga nan akwai abin lura, domin waɗancan sun ɗora laifin a kan cikar wata, namu kuma a kan tsayuwarsa, alhali tsakanin biyun mako biyu ne cur. Manufarmu a wannan nazari ita ce mu ware hanyoyin da wata zai iya bi ya taɓa lafiyar mutum, mu auna kowace da abin da bincike ya gano.

Abin da muke nufi da zangunan wata shi ne kamannin da yake sauyawa a idon mai kallo daga doron ƙasa. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, kuma a kowane lokaci rabinsa na cikin haske, rabi na cikin duhu. Abin da ke canzawa shi ne yawan ɓangaren mai haske da ke fuskantarmu. Daga jinjirin wata zuwa rabi a wajen dare na bakwai, zuwa cika a daren sha huɗu ko sha biyar, zuwa raguwa, har ya ɓuya ya sake tsayawa, ana ɗaukar kwana 29 da awa 12 da minti 44 a matsakaicin lissafi. Wannan shi muke kira zagayen haske. Akwai wani zagayen dabam da ake yawan cakuɗa shi da wannan, wato zagayen nisa. Tafarkin da wata yake bi ba cikakkiyar da'ira ba ce, yakan matso zuwa wajen kilomita 363,000 daga duniya, ya kuma nisanta zuwa wajen 405,000, kuma wannan kai-komo yana cika ne a kwana 27 da rabi. Tunda tsawon zagayen biyu ya bambanta, wata na iya cika yana kusa, yana iya cika yana nesa. Da kalmar lafiya kuwa muna nufin abubuwan da ake iya ƙidayawa: tsawon barci, yawan haihuwa, tashin farfaɗiya, kwanciya a asibitin masu taɓin hankali, haɗurra da raunuka. Kalma ta ƙarshe ita ce tasiri. Ba za mu kira abu tasiri ba don kawai ya faɗo a rana ɗaya da cikar wata, wannan arashi ne. Sai ya maimaitu a wurare dabam-dabam, a hannun masu bincike dabam-dabam, sannan a iya nuna hanyar da ya bi.

Hanyoyin da ake zato guda huɗu ne. Akwai ƙarfin janyowa, wato ƙarfin da kowane abu mai nauyi yake jan ɗan'uwansa da shi. Akwai haske. Akwai agogon cikin jiki, wato yiwuwar cewa jikin mutum yana riƙe da lissafin wata a cikinsa ko da bai ga sama ba. Sannan akwai hanyar al'ada da kalanda, inda wata yake tsara abin da mutane suke yi, abin da suke yi kuma ya taɓa lafiyarsu.

Hanyar janyowa ita ce ta fi farin jini a bakin jama'a, kuma ita ce ta fi rauni. Wani likitan ƙwaƙwalwa na birnin Miami, Arnold Lieber, ya yaɗa ta a wani littafi da ya fitar a 1978, inda ya ce tunda mafi yawan jikin mutum ruwa ne, dole wata ya haifar da irin cika da janyewar teku a cikinsa. Gaskiya ne kusan kashi 60 cikin ɗari na jikin baligi ruwa ne, amma bayanin da Isaac Newton ya yi tun 1687 ya nuna cewa abin da ke ɗaga teku shi ne bambancin jan wata tsakanin gefen duniya da ke kusa da shi da gefen da ke nesa, tazarar da ta kai kusan kilomita 12,700. Idan abu ya ƙanƙance, bambancin yakan ƙanƙance tare da shi. Manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, duk girmansu, tashin da wata da rana suke sa su yi bai kai santimita biyar ba. Babu matar da ta taɓa ganin ruwan randarta ya ɗago a daren sha huɗu, jikin mutum kuwa a wannan lissafi ɗan'uwan randa ne. Akwai kuma wata matsalar. Teku yana yin mafi girman cikarsa sau biyu ne a wata, lokacin cikar wata da lokacin ɓuyansa, domin a lokutan biyu ne rana da wata da duniya suke jeruwa a layi ɗaya. Da janyowa ce ke tayar da ciwo, da daren duhu da daren sha huɗu sun zama daidai, kuma da kusantowar wata ta fi cikarsa muhimmanci.

Idan muka koma ga ƙidaya, mafi yawan da'awoyin da aka saba ji ba su tsaya ba. A 1985 James Rotton da Ivan Kelly sun tattara bincike 37 da aka yi a kan wata da taɓin hankali da aikata laifi, suka auna su gaba ɗaya, suka tarar babu wata alaƙa da za a dogara da ita, kuma wasu daga cikin binciken da suka ce sun ga alaƙar kurakuran lissafi ne suka kai su. A 2019 an duba bayanan majinyata kusan 18,000 na tsawon shekara goma a asibitocin masu taɓin hankali a gabashin Suwizalan, ba a ga kwanciya ko sallama tana bin wata ba. A kan farfaɗiya, Selim Benbadis da abokan aikinsa a birnin Tampa sun bi tashin ciwo 770 a binciken da suka buga a 2004, ba su ga ƙarin farfaɗiya a lokacin cikar wata ba. Haihuwa ma haka: a jihar Karolina ta Arewa an duba haihuwa 564,039 tsakanin 1997 da 2001, wato zagayen wata 62, kuma yawan haihuwa da wahalarta duk ba su bi wata ba. Wani abin da ya kamata ɗalibin wannan fanni ya riƙe ya faru a Disambar 2000, lokacin da mujallar likitocin Birtaniya ta buga bincike biyu a fitowa ɗaya. Na birnin Bradford ya ce cizon dabbobi yana ƙaruwa a cikar wata, na Ostareliya ya ce cizon kare bai ƙaru ba. Idan ana gwada abu sau da yawa, dole wani gwajin ya faɗa a kan arashi, kuma shi ne jaridu suka fi ɗauka.

To me ya sa imanin ya ƙi gushewa, har a cikin ma'aikatan asibiti da suke da littafin rajista a gabansu? Masana halayyar ɗan Adam suna da suna ga wannan, wato alaƙar ruɗu, wadda Loren Chapman ya bayyana a 1967. Ma'anarta ita ce mutum ya ga dangantaka tsakanin abu biyu saboda haɗuwarsu ta fi zama a ƙwaƙwalwa. Ungozomar da ta karɓi haihuwa shida a dare ɗaya, ta fito ta ga wata fari tas, za ta riƙe wannan daren shekara da shekaru. Daren da ta karɓi shida cikin duhu ba ta ɗaga kai ba, daren da wata ya cika ba a kawo kowa ba kuma babu labarin da za a bayar a kansa.

Batun haila ya fi waɗannan sarƙaƙiya, domin kusancin lissafin a fili yake. Matsakaicin zagayen mace yana wajen kwana 28 zuwa 29, kuma mata sun daɗe suna lissafinsa da wata. Sai dai zagayen lafiyayyun mata yana kamawa daga kwana 21 zuwa 35, kuma idan muka dubi dabbobin da ke kwana a ƙarƙashin wannan watan, saniya tana zagayowa a kwana 21, tunkiya a kwana 17, ɓera a kwana huɗu ko biyar. A 2016 kamfanin manhajar Clue ya duba zagaye miliyan bakwai da rabi na matan da ke amfani da ita, bai ga farawar jini tana taruwa a wani zango na wata ba. A ɗaya ɓangaren, Charlotte Helfrich-Förster ta Jami'ar Würzburg a Jamus ta bi rubutattun bayanan mata 22 a 2021, wasu na tsawon shekara 32, ta ga cewa matan da zagayensu ya wuce kwana 27 sukan daidaita da wata na ɗan lokaci sannan su rabu da shi. A ganinmu wannan ya isa a ci gaba da bincike, amma mata 22 ba su isa a kafa hukunci ba, ballantana zagaye biyu masu kusan tsawo ɗaya dole su riƙa haɗuwa suna rabuwa ko da babu abin da ya ɗaure su.

Hanyar haske ita ce hujjojinta suka fi nauyi, kuma a nan ya kamata mu daɗe. Da farko mu san girman hasken. Ana auna haske da ma'aunin da ake kira lakis. Tsakar rana tana iya kaiwa lakis 100,000, ɗakin da ke da ƙwan lantarki yana samun ɗari ko fiye, cikakken wata kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na lakis ɗaya ba. Rabin wata ma ba rabin wannan hasken yake bayarwa ba, wajen kashi ɗaya cikin goma ne. Wannan haske ya yi kaɗan ya danne melatonin, wato sinadarin da ƙwaƙwalwa take saki idan duhu ya yi don shirya jiki ga barci, kamar yadda fitilar lantarki take dannewa. Amma ya isa a ga hanya, a gane fuska, a yi sussuka, a yi hira a ƙofar gida. Saboda haka aikinsa yana bi ne ta abin da yake ba mutum damar yi.

Abu na biyu, wanda masu tambaya a kan cikar wata kaɗai suke tsallakewa, shi ne lokacin fitowarsa. Wata yana jinkirin fitowa da wajen minti 50 a kowace rana. Jinjiri yana faɗuwa jim kaɗan bayan magariba. A dare na bakwai yana tsakiyar sama lokacin da rana ta faɗi, ya faɗi a tsakar dare. A daren sha huɗu yana fitowa da magariba ya kwana a sama. Daga nan sai ya fara makara: a daren sha bakwai sai an yi isha'i cikin duhu kafin ya leƙo, a na ashirin da ɗaya kuwa sai dare ya raba. Ma'anar wannan ita ce makon da ke gaban cikar wata shi ne mai hasken farkon dare, lokacin da mutane suke farke, makon da ke bayanta kuma haskensa yana zuwa ne bayan an kwanta. Duk wanda ya tashi a ƙauyen da babu lantarki ya san wannan ba tare da lissafi ba, domin a dararen farin wata ne dandali yake cika, 'yan mata su yi gaɗa, samari su yi langa, iyaye su yi ta kira ba a dawo ba.

Wannan sani na ƙauye shi ne Leandro Casiraghi da Horacio de la Iglesia na Jami'ar Washington suka auna a binciken da suka buga a 2021. Sun ɗaura wa mutum 98 na ƙabilar Toba, waɗanda ake kuma kira Qom, a lardin Formosa na Ajantina, na'urar wuyan hannu mai lura da barci. Mutanen suna zaune a wuri uku: ƙauyen da babu lantarki ko kaɗan, ƙauyen da yake da kaɗan, da unguwar birni. A duka ukun an fi makara wajen kwanciya, barci kuma ya fi gajarta, a darare uku zuwa biyar kafin cikar wata. Tazarar tsawon barci tsakanin dare mafi tsawo da mafi gajarta ta kama daga minti 46 zuwa 58, kuma sauyin ya fi ƙarfi inda lantarki ya fi ƙaranci. Idan muka haɗa wannan da binciken Jean-Philippe Chaput na 2016, wanda ya auna yara 5,812 a ƙasashe 12, har da Kenya da Afirka ta Kudu, ya tarar da ragin minti biyar kacal a lokacin cikar wata, za mu ga cewa girman tasirin yana bin irin daren da mutum yake rayuwa a cikinsa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kusan mutum miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki, kuma mafi yawan binciken da ya ce babu tasiri an yi shi ne a biranen da fitilu suka riga suka shafe bambancin dare da dare.

Daga nan ne Charles Raison da abokan aikinsa suka kawo wani bayani a 1999 wanda muke ganin ya fi kowane adalci ga mutanen da. Sananne ne a likitance cewa rashin barci yana tayar da farfaɗiya, yana kuma tayar da zumuɗin masu ciwon yanayin rai mai fuska biyu, wato ciwon da mai shi yake kaiwa da komowa tsakanin matsanancin ƙunci da matsanancin karsashi. Kafin fitilun titi, mai irin wannan ciwo da ke kwana a waje ko a ɗakin da haske ke ratsawa zai iya rasa barci a dararen farin wata, ciwonsa ya motsa. Idan haka ne, magabata sun ga wani abu na gaskiya, suka ba shi dalilin danshin ƙwaƙwalwa, sannan lantarki ya zo ya kawar da abin ya bar imanin. Hasashe ne, amma hasashe ne da kowace gaɓarsa take da tushe.

Duhu ma yana da nasa rabon. Craig Packer na Jami'ar Minnesota ya nazarci hare-haren zakuna a kudancin Tanzaniya, inda aka kai wa mutum fiye da 1,000 hari tsakanin 1988 da 2009. A rahotonsa na 2011 ya nuna cewa mafi yawan hare-haren suna faruwa ne tsakanin faɗuwar rana da ƙarfe goma na dare, kuma sun fi yawa a kwanaki goma da ke bayan cikar wata. Zaki ba ya samun farauta sosai a dare mai haske, sai ya fito daga makon farin wata da yunwa, ya tarar da farkon dare ya yi duhu alhali mutane ba su shiga ɗaki ba. Cikar wata ma tana da nata haɗarin: a Amurka, Donald Redelmeier da Eldar Shafir sun duba mutuwar masu babur daga 1975 zuwa 2014, suka ga ƙarin wajen kashi biyar cikin ɗari a dararen cikar wata, suka danganta shi da ɗauke hankalin direba.

Hanya ta uku, agogon cikin jiki, tabbatacciya ce a wasu halittun ruwa. Murjanin babban gaɓar tekun Ostareliya yana sakin ƙwayayensa gaba ɗaya 'yan darare bayan cikar wata a ƙarshen shekara, kuma Kristin Tessmar-Raible a Biyana ta nuna cewa wata tsutsar teku tana riƙe da lissafin wata ko da an raba ta da haskensa. A kan mutum, hujjar da aka fi ambato ita ce ta Christian Cajochen na Jami'ar Basel a 2013. Mutum 33 sun kwana a ɗakin gwaji da ba a ganin sama, kuma a kusa da cikar wata sun ƙara minti biyar kafin barci ya ɗauke su, barcinsu ya ragu da minti 20, alamar barci mai nauyi a na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa ta ragu da kashi 30 cikin ɗari. Sai dai an tattara bayanan ne shekaru kafin nan don wata manufa dabam, kuma a 2014 masu bincike a Munich suka duba darare 2,125 ba su ga komai ba. Abu biyu ne suka hana a rufe wannan babi. A binciken Casiraghi, ɗalibai 464 na birnin Seattle, duk da fitilun birni, sun nuna irin sauyin mutanen Toba, ko da yake da rauni. Thomas Wehr kuma ya ruwaito a 2018 cewa majinyata 17 masu ciwon yanayin rai mai saurin juyawa sun riƙa sauyawa daidai da zagayen wata. Adadin ƙanƙane ne, kuma babu wanda ya nuna gaɓar da za ta ji wannan lissafi a jikin mutum.

Saura hanyar al'ada. A ƙasar Hausa masu zuwa wurin wanzami don ƙaho da yawa sukan zaɓi ranar 17 ko 19 ko 21 ga wata, bisa ruwayoyin da suka zo a littattafan Abu Dawud da Tirmizi, waɗanda malaman hadisi suka yi bayani a kan ƙarfinsu. Haka nan masu azumin nafila suna bin ranakun 13 da 14 da 15. Waɗannan ayyuka ne da mai yin su yake yi don bin sunna, kuma ba gwajin asibiti ne ya kafa su ba. Abin da ya shiga nazarinmu shi ne cewa a nan wata yana aiki ne a matsayin ma'aunin lokaci, kuma ta wannan fuskar tasirinsa ya fi na duk hanyoyin da muka ambata girma. Ganin jinjiri ɗaya yana sauya lokacin ci da sha da barci na ɗaruruwan miliyoyin mutane har tsawon wata guda. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da wajen kwana 11, don haka Ramadan yana zagaye damina da kaka da hunturu da bazara a cikin shekara 33, kuma azumin da ya faɗo a zafin Afrilu a Sakkwato ko Agadas ba ɗaya yake ga ƙoda da jini da wanda ya faɗo a sanyin Janairu ba. Wani babban bincike da aka buga a 2004, wanda ya ƙunshi masu ciwon sukari 12,243 a ƙasashe 13, ya nuna cewa kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka sau bakwai da rabi a cikinsu, ta ninka kusan sau biyar a cikin masu nau'i na farko. Wannan ne ya sa ƙa'idojin likitoci na yanzu suke neman mai ciwon sukari da ke niyyar azumi ya ga likitansa mako shida zuwa takwas kafin a ga wata, wato tun cikin Rajab, a daidaita masa magani da lokutan shansa, a kuma gaya masa adadin sukarin da idan ya kai dole ya sha ruwa.